Ciwon kafaɗa: a nemi hoto tun hannu na ɗaguwa



Cikin buƙatun taimakon jinya da ke zuwa wa ƙungiyarmu har da na ciwon kafaɗa, musamman daga 'yan dako masu lodin buhuna a kasuwar Mubi da magina. Kukansu ɗaya ne: ba sa iya kwanciya ta ɓangaren, ɗaga hannu don kabbarar salla ma sai da cije baki.

Tsokoki 4 ne da jijiyoyinsu ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. Yawan ɗaga kaya sama da kai, ko faɗuwa daga babur, kan yaga jijiya ɗaya ko fiye. Tunda ba karaya ba ce, ɗori ba ya haɗa ta. Hoton ƙashi ma ba ya nuna yagewar, sai sikanin ko MRI.

Ba kowa ke kaiwa ga tiyata ba. Likita kan fara da magani da gashi na wasu watanni, kuma da yawa suna samun sauƙi. Idan ciwon ya ƙi, ko yagewar babba ce, sai a ɗinke jijiyar a jikin ƙashi. Jinkiri na da illa: jijiyar da ta daɗe a yage tana janyewa, tsokar ta rikiɗe ta zama kitse, har ɗinkin ya gagara. Dogaro da diclofenac kullum kuma na iya taɓa ciki da ƙoda.

Abin da ya fi damunmu shi ne bayan tiyata. Hannu zai zauna a rataye mako 4 zuwa 6, sannan gashi, kuma ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan kamar wata 6. Magidancin da sai ya fita ake ɗora tukunya, wa zai riƙe gidansa? Idan yunwa ta mayar da shi dako da wuri, ɗinkin na iya warwarewa, kuɗi sun tafi a banza.

Don haka idan za mu yi karo-karo, mu lissafa har da abincin iyalinsa na waɗannan watanni, da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Modibbo Adama a Yola ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda kuma ciwonsa ya wuce 'yan makonni, ya ga likita, ya kuma sanar da mu tun da wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.