Ƙarfe Huɗu na Yamma a Filin Kwando

 Da kwamitin wannan mujalla suka ce in rubuta wani abu a kan wasanni, na so in kawo jerin kofunan da muka ci kamar yadda aka saba. To, a ƙwallon kwando ba mu ci ko ɗaya ba. Saboda haka zan ba ku labarin wani mutumin Zariya, da kuma labarin wani laifi nawa wanda tsofaffin ɗalibai suka sani, sababbi kuwa ba su sani ba.

Ni ban taɓa riƙe ƙwallon kwando ba sai da na je kwalejin horon malamai a Zariya. Wani abokin ɗakina ne yakan ja ni zuwa Samaru da yamma, mu tsaya a bakin filin Jami'ar Ahmadu Bello muna kallo. A can na fara jin sunan Oliver B. Johnson, Ba'amurken kocin da kowa ke kira OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara wannan wasa a Zariya. Ɗaya daga cikin yaran da suka bi ta hannunsa shi ne Masai Ujiri.

An haifi Ujiri a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Nijeriya yana ƙarami, ya tashi a Zariya. Mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya, mahaifinsa kuma ma'aikacin asibiti ne ɗan Nijeriya. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai da ya kai shekara 13 ya koma kwando. Gwaninsa a lokacin shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Wannan Olajuwon ya yi kakar wasa 18 a NBA, ya tare ƙwallo sau 3,830 tana kan hanyar shiga kwando. Ku duba wannan lissafi da kyau. Ba a tara shi da wasa ɗaya mai ban mamaki, sai da uku yau, huɗu jibi, shekara da shekaru. A watan Fabrairu na 1995 ma aka zaɓe shi gwarzon wata alhali yana azumin Ramadan.

Shi Ujiri bai kai nan ba, kuma wannan ne ya sa nake son labarinsa. Ya yi karatu da wasa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, sa'an nan ya yi kimanin shekara shida yana wasan kuɗi a Turai, a ƙananan ƙungiyoyi na Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashe. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya shiga nema wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake biyan kuɗin tafiya. Daga nan Denver Nuggets suka ɗauke shi, a 2010 ya zama babban manajansu, a 2013 aka ba shi lambar shugaban ƙungiya mafi ƙwazo na shekara, ya koma Toronto Raptors ta Kanada, suka ci kofin NBA a 2019. Ya rabu da Toronto a 2025.

Amma abin da ya shafe mu ya faru ne tun 2003, lokacin da bai zama kowa ba. A shekarar ya kafa Giants of Africa, wato Ƙattan Afirka, ya fara tara matasa a Nijeriya lokacin hutu ana koya musu wasa da tarbiyya, ana ba su takalma da riguna. An riƙa yin sansani na zaɓaɓɓu 50 a arewa, da na dogaye a kudu. Aikin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya haɗa da 'yan mata. A 2021 suka yi alkawarin gina filaye 100 a Afirka, a 2023 kuma suka yi bikin cika shekara 20 a Kigali ta Ruwanda, inda matasa fiye da 250 daga ƙasashe 16 suka hallara. Ina da ɗan ƙorafi a kan sansani na kwana uku ko huɗu, domin yaro yakan koma ƙauyensu da sabon takalmi amma babu inda zai taka shi. Ina jin su ma sun gane haka, shi ya sa suka koma gina filaye. Duk da haka, mu nan mun san masu kawo mana riguna da hotonsu a ƙirji idan zaɓe ya matso, daga nan ba a sake ganinsu. Mutumin da ya riƙe abu ɗaya fiye da shekara ashirin ba a haɗa shi da su.

Yanzu sai nawa labarin.

Shekara shida da suka wuce na kai wa wani mai walda a Kura rodi, ya lanƙwasa mini zobe. Muka cire tsohuwar ƙofar aji muka yi allo da ita, 'yan aji huɗu suka kwaso marmara a baro muka daɓe bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwallo ɗaya gare mu, a kabad ɗina take kwana. Na sa doka biyu: Talata da Alhamis ƙarfe huɗu na yamma, kuma wanda bai zo aji ba a makon ba zai taɓa ƙwallo ba. Yara 23 suka rubuta suna.

A cikinsu akwai wani yaro ɗan jeka-ka-dawo da ya fi kowa tsawo a makarantar, har da mu malamai. Abokansa sukan tsokane shi da falwaya, shi ya sa kullum a duƙe yake tafiya kamar mai neman allura. Maraya ne, mahaifiyarsa turara shinkafa take yi tana sayarwa. A aji ba shi da ƙoƙari sosai, kuma yakan yi fashi. Amma da muka fara wasa sai yaron nan ya miƙe, har rajistar ajinsu ta shaida, zango guda bai yi fashi ko sau ɗaya ba.

Sai rani ya shigo. Kun san yadda muke a nan Garun Mallam da Kura da Bunkure: albashin malami ba ya kai wa ƙarshen wata, kowa yana da ɗan fegi a bakin kanal. Idan aka sako ruwan Tiga ya iso layinku, ba ka ce masa ya dakata ka dawo daga makaranta. A shekarar na zuba tumatir da kuɗin bashi, ga fargabar tsutsar nan Sharon da ta cinye gonakin mutane a 2016. Na yi fashin Talata ɗaya, na ce Alhamis zan rama. Alhamis ɗin injin ban-ruwa ya lalace. Haka dai har mako biyar, makullin kabad yana aljihuna a gona, ban kuwa aika wa yaran da ko kalma ɗaya ba.

Ranar da na dawo fili, yara tara na samu. Dogon ba ya ciki. Malamin ajinsu ya ce mako biyu ke nan bai gan shi ba.

A kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan na same shi ranar Asabar, yana ɗora kwanduna a kan tirelar da za ta Legas. Tsawon nan nasa ya yi masa rana, domin shi yake miƙa wa na sama ba tare da ya taka komai ba. Da ya gan ni ya sauke kwandon, ya russuna ya gaishe ni. Na ce, "Kai, me ya raba ka da makaranta?" Ya ce, "Malam, nan ma kwando ne, kuma wannan ana biya." 'Yan dako suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Sau bakwai muna zuwa, Malam, muna zama har a kira magariba."

Ashe ƙirgawa yake yi. Ni da nake tsaye gaban aji ina yi musu faɗa a kan makara, ni aka ƙirga wa.

Na je gidansu sau biyu. Mahaifiyarsa ta karɓe ni da mutunci, ta ce, "Malam, ba laifinka ba ne, gidan ne yake bukatar hannunsa." Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila ko da ban yi fashi ba talauci zai janye shi. Na sha gaya wa kaina haka. Amma talaucin nan yana nan a zangon da bai yi fashi ba. Bai dawo makaranta ba. Yanzu yaron mota ne a hanyar kudu, idan muka haɗu a Kwanar Gafan yakan cika mini leda da tumatir ya ƙi karɓar kuɗi, ni kuwa nauyin ledar ya fi na kwando a hannuna.

Tun daga lokacin na sake tsari. Makullin kabad ya koma hannun shugaban wasanni na ɗalibai, ko ina nan ko ba na nan za a fito da ƙwallo. Fegin kuma na ba ƙanena yana nomawa muna rabawa. Muka sayi littafi mai layi, kowane ɗan wasa yana jifa goma daga layi kafin a tashi, a rubuta abin da ya ci. Littafin nan ya koya mini abin da ido ba ya gani. Akwai wani yaro da yakan ci tara yau, a yi ta tafi, ran Alhamis ya ci biyu. Akwai kuma wata yarinya 'yar aji biyar, ba ta da tsawo, ba ta da surutu, shida ko bakwai take ci tun watan Oktoba, ko ana hazo ko ana zafi. Da muka yi wasan sada zumunta da wata makaranta, saura ƙasa da minti ɗaya ana kunnen doki, ita aka yi wa keta. Na duba benci, babu wanda ya rufe ido. Ta jefa biyu, ɗaya ta shiga, da ita muka ci.

Zoben nan na Kura ya karkata hagu, masu jifa sun saba da shi har suna karkata tare da shi, wanda ba daidai ba ne. Mai walda ya ce zai zo lokacin hutu. Ƙwallonmu ta biyu tana sacewa, sai an yi mata famfo kafin kowane wasa, idan akwai wani cikin iyaye ko tsofaffin ɗalibai da Allah ya hore wa, ga inda za a taimaka. 'Yan aji ɗaya masu shigowa, maza da mata, dogaye da gajeru, ku nemi shugaban wasanni a makon farko ku rubuta suna. Talata da Alhamis ne, ƙarfe huɗu, bayan ɗakin gwaje-gwaje.