Kati a hannun ɗan Yekuwa

A Yekuwa mun fi sabawa da cinikin ido da ido: ka taɓa atamfa, ka taya, a ce albarka. Yanzu kuwa samarinmu daga wayarsu suke hango kaya a Kano ko Dubai.

Katin bashi irin na Turai bai yaɗu a nan ba, kuma ban damu ba, don bashi mai kuɗin ruwa ba ya barin zuciya ta huta. Na fi natsuwa da katin Visa wanda kai kake zuba masa kuɗi. Ka sa daidai kuɗin kayan, ko da ɓarawo ya samu lambar, ba abin da zai kwasa.

Sai maganar canji. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, amma dala hawa take tana sauka. Ga ladan banki, ga kuɗin mota har Magaria. Wani lokaci arhar a nan take ƙarewa.

Ƙanena, lambobi ukun nan na bayan kati, da wadda ake turo maka ta saƙo, kada ka karanta wa kowa su a waya.