Ginin Jimla, da 'Yar Kalmar da Muke Zubarwa a Zango

Jama'ar zango, manya da yara, ina so mu ɗan tattauna a kan jimla, watau maganar da ta cika, wadda in mutum ya faɗe ta ya yi shiru, mai sauraro ba zai ce masa "sai me?" ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Ajurumiyya, littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a birnin Fas cikin 1323, ya san da wannan aka fara masa. Amma da yawa cikinmu muna tsammani Larabci kaɗai ke da nahawu, Hausa kuwa sai dai a buɗe baki ta fito. Lalle ba haka ba ne. Hausa tana da nata tsarin, mai tsanani kuwa.

Ga misali: Audu ya sayi goro. Audu shi ne fa'ili, mai aikin. Sayi fi'ili ne. Goro kuwa maf'uli, abin da aikin ya faɗa wa. Malaman Hausa na boko suna ce musu aikau, aikatau da karɓau. Balarabe yana iya fara maganarsa da fi'ili, ya kuma jujjuya kalmomin, domin wasalin ƙarshe ke nuna masa wane ne wane: in ya ji Zaidun ya san Zaidu ne ya yi, in ya ji Zaidan ya san shi aka yi wa. Mu ba mu da wannan wasali. Mazaunin kalma shi ne shaidarta. "Kura ta ci akuya" labarin kullum ne. "Akuya ta ci kura" sai gari ya taru a zo kallo, alhali ba a ƙara ko harafi ɗaya ba.

To, amma abin da ya fi ba ni sha'awa ita ce 'yar kalmar nan da ke zaune tsakanin Audu da sayi. Bahaushe ba ya cewa "Audu sayi goro." Dole sai "ya" ta shiga. Ƙanƙanuwa ce, amma kaya uku take ɗauke da su kamar jakin fatake: tana faɗa maka mutum ɗaya ne ko da yawa, namiji ne ko mace, sa'an nan an gama aikin ko ana cikinsa ko sai nan gaba. Ya sayi goro, zai sayi goro, yakan sayi goro. Fi'ilin yana nan inda yake, ita ce ke sauya riga. In kana so ka matsa wa wani abu lamba, sai ka ciro shi gaba: "Goro ne Audu ya saya." Duba yadda sayi ta koma saya don goron ya tashi daga bayanta. Haka "fatake sun iso" ke zama "fatake ne suka iso." Yaro ɗan shekara biyar yana yin duk wannan ba tare da wani ya ɗaga masa bulala ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A Hausarmu ta nan Gana, wadda ake kira Gananci, kaya ɗaya cikin ukun nan ya faɗi a hanya. Za ka ji ana cewa "mata na ya zo," "yarinya ne." Ta da ce sun yi ƙaura. Ni ba na cikin masu yi wa samarinmu dariya a kan wannan. Yaron da ya tashi a Kumasi ko Nima yana jin Tuwi ko Dagbanci tun yana goye, su kuwa harsunan nan kalma ɗaya suke da ita ga mace da namiji, ba su kuma rasa fahimtar juna. Baki da baki ba a ɓata, don ga hannu ga ido.

Takarda kuwa ba ta da hannu. Shekarun baya wani saurayi maƙwabcinmu ya rubuta wa kawunsa wasiƙa zuwa Kano. Tsofaffinsa biyu duk suna kwance ba lafiya, 'yan'uwa a can sun sani. Bayan gaisuwa ya ambace su duka, sa'an nan ya rubuta, "Allah ya yi masa rasuwa daren Juma'a." Uwar ce ta rasu. A Kano aka zauna makokin uban, har amsa ta zo ana yi wa marigayiyar ta'aziyyar mijinta. Tsohon da kansa ya sa aka karanta masa, na kuwa ga fuskarsa ran nan.

Saboda haka roƙona ga masu rubutu cikinmu, ko wasiƙa ce ko saƙon waya ko takardar bashi: in za ku aika wa mutanen Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, ku mai da ta da ce mazauninsu. Wanda kuwa harshensa bai saba ba, ya kira sunan mutum a fili a farkon jimla, ya ce inna ko baba, kada ya bar "ya" ita kaɗai ta ɗauki labarin mutuwa ko na kuɗi. Dattawa kuma in sun ji yaro ya ce "goggo ya zo," su maimaita masa "goggo ta zo" a hankali, ba sai an kira shi bagware ba.