Fanisau: Zaman haya a gindin ɗorawa

Daga WAKILIN MU, a Kano

DUK ɗan fim ɗin da ya taɓa neman gidan haya a cikin birnin Kano ya san abubuwa biyu da ke jiran sa. Na farko kuɗi, na shekara guda cur a dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Na biyu tambaya: "Mece ce sana'ar ka?" Da zarar ka ce fim, sai ka ga fuskar mai gida ta sauya, ya ce ai ɗakin jiya-jiya aka kama shi. Manyan jarumai wannan bai dame su ba, domin sun gina nasu. Waɗanda abin ya ke ci su ne yaran industiri: masu riƙe fitila, masu ɗaukar sauti, editoci, da irin mu masu bin lokeshin da biro da takarda. Shi ya sa da dama su ka fara fita bayan gari. Wasu sun yi kudu, wajen Kumbotso da Panshekara. Ni arewa na yi, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Fanisau da garin Ungogo, kuma yau shekara ta biyu a can. Abokai sun sha tambaya ta yadda zaman ya ke, to ga amsar.

Idan ka baro Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim su ke, sai ka ratsa gari ka nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ka bi ta Jaba. Ko kuma ka hau titin Katsina, ka wuce Kurna da Rijiyar Lemo, ka karya a Kwanar Ungogo. Ko ta ina ka bi, akwai inda za ka ji iskar ta canza. Gidajen bulo su na raguwa, katangun ƙasa da dangar kara su na bayyana, sai kawai ka ga bishiyoyi sun cika ido. Ba daji ba ne, gonaki ne, amma kowace gona da bishiyoyin ta a tsaye: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, mangwaro, ga darbejiya a bakin hanya da ƙofar gidaje. Daga nesa sai ka rantse kurmi ne. A takarda dai Ungogo na cikin ƙananan hukumomi takwas da ake lissafawa a matsayin birnin Kano da kewaye, kuma a ƙidayar 2006 mutanen ta sun haura 360,000. Amma da asuba kukan jaki da carar zakara ne za su tashe ka.

Fanisau tsohon gari ne mai tarihi. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya maida shi ribaɗi a lokacin da ya ke fafatawa da Ɗantunku ta fuskar arewa. A nan ne Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, ya je ya gaida Sarkin a watan Janairu na 1824. Gidan Sarki na Fanisau ya na nan har yau, kuma shi ne masaukin Sarki a ranar Hawan Fanisau da bisa al'ada ake yi a cikin shagulgulan Babbar Sallah. Furodusan da ke son fim ɗin sarauta ya kamata ya zo ya ga ginin ƙasa na gaske kafin ya je ya kafa fadar kwali.

YADDA AKE SAMUN ƊAKI

A nan ba allo ake kafawa a ce akwai ɗakin haya ba. Da ɗan gari kan ci gari. Wani mai kai mana kayan abinci lokeshin ne ya haɗa ni da ƙanen mahaifin sa, wani dattijo da 'ya'yan sa maza su ka koma birni, shagon ƙofar gida da ɗakin da ke bayan sa su ka zama babu kowa. Kafin a yi maganar kuɗi sai da aka kai ni gaban mai unguwa. Na durƙusa na yi gaisuwa, ya tambayi garin mu, da sunan mahaifi na, da masallacin da na ke sallah a birni. Da aka zo kan sana'a na faɗa masa gaskiya. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To yaro, ni ban san fim ba. Amma gida na ba a shigo da mata, ba a kiɗa bayan isha'i. In ka iya, bismilla." Na ce, "Na iya, Baba." Shi kenan aka shafa fatiha.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙauye ya fi birni son ɗan fim. Zargin da ya biyo bayan rikicin 2007, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ƙara tsaurara dokokin ta har wasu su ka yi ƙaura zuwa Kaduna, ya iso nan ma, kuma bai gama gushewa ba. Bambancin shi ne a birni dillali ke yanke maka hukunci a minti biyar, a nan kuwa ana ba ka dama a zuba maka ido. Wata uku na farko duk inda na taka an sani. Da aka ga ana gani na a sahun asuba, aka ga na je jana'iza biyu da ɗaurin aure, sai yara su ka fara kawo mani kwanon tuwo daga cikin gida. Tuzuru dai tuzuru ne, ba ya wuce zaure. Amma mai iyali zai fi ni jin daɗi nesa ba kusa ba.

Batun kuɗi kuwa, abin da na ke biya a shekara na ɗaki biyu da ɗan tsakar gida bai kai abin da aboki na ya ke biya na ɗaki ɗaya ƙwal a kusa da Gidan Zoo ba. Kuma Baba ya yarda in riƙa biya kashi biyu, rabi bayan kaka, rabi kafin damina lokacin da ya ke neman kuɗin taki. Babu la'ada, babu kuɗin takarda. Sai dai akwai sharaɗin da babu wanda zai gaya maka a birni: ka kama hayar ɗaki, ba ka kama hayar bishiya ba. Ɗorawar da ke ba ni inuwa ta wata gwaggon su ce da ke aure a wani ƙauyen, gado ta ci. Idan ta nuna ita ke turo yara su kaɗe. A ƙasar nan gona na iya zama ta wani, bishiyar cikin ta kuma ta wani daban.

ME YA SA BISHIYOYIN SU KA TSIRA?

Wannan tambaya ta daɗe ta na ba masana mamaki. A 1965 wani Bature malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, da abokin aikin sa Wilson, sun fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo. Abin da ya ja hankalin su shi ne yawan mutane a ƙasar noma, da yadda ake nome gona duk shekara ba a barin ta ta huta, amma ba ta mutu ba. Daga baya Mortimore ya koma Jami'ar Bayero, kuma binciken da shi da wasu malamai su ka yi kan itacen girki a shekarun 1980 ya nuna cewa bishiyoyin gonakin da ke kewaye da Kano ba su ƙare ba, duk da yawan jama'a da farin da aka sha.

Manomin Ungogo ba ya buƙatar rahoto kafin ya gaya maka dalili. Kowace bishiya da aikin ta. Ɗorawa na ba da garin ta mai zaƙi, ƙwayar ta kuma, wato kalwa, ita ce daddawa. Kuka ta ba da miya, tsamiya ta ba da kunu. Gawo kuwa shi ne abin al'ajabi: da damina, lokacin da kowace bishiya ke yin ganye, shi zubar da nasa ya ke yi, don haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, awaki su ci 'ya'yan sa. Idan ana son itace, reshe ake sassarewa, a bar uwar ta sake tofowa. Sannan ga tsohuwar hulɗa da birni: da rani jakuna su shiga da itace da kara, su fito da mangaloli cike da takin bola a zuba a gona. Yanzu mota da kura sun karɓe mafi yawan aikin, kuma manoma na kukan cewa shara ta zamani rabin ta leda ce.

DAƊI DA WUYA

A watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano a Fagge ya ke zama tanda, ni a gindin ɗorawa na ke shimfiɗa tabarma in yi rubutu. Da damina ka buɗe taga ka ga gero ya fi ka tsawo, wake da gyaɗa na yaɗo a ƙarƙashin sa. Nono da ƙwai da zogale a ƙofar gida ake kawo su. Hatsi kuwa ga kasuwar Dawanau nan a kan titin Katsina.

Amma fa araha ba ta ado. Ruwan famfo babu, sai rijiya ko ka sayi jarka wajen 'yan garuwa da ke ɗebowa a burtsatse. Wutar lantarki baƙuwa ce, edita ba zai iya aiki a nan ba sai da sola ko janareta. Sauro da damina ba a magana. Kuɗin da ka rage a haya, wani kaso mai tsoka zai tafi a mota. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, sai A Daidaita Sahu, su kuma ba kowane ke yarda ya sauka daga kwalta ba, balle a watan Agusta da hanya ke zama taɓo. Idan an tashi daga lokeshin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, gara ka nemi wajen kwana a gari. Idan ciwo ya kama mutum da tsakar dare, nan ne za ka san nisan birni.

Ga masu sha'awar kawo kyamara, wurin ya yi. Hasken yamma a tsakanin kukoki ya fi duk wani lambun otal da ake rububin zuwa ɗaukar waƙa. Sai dai mai ɗaukar sauti ya shirya haƙuri, domin filin jirgi na kusa. Ana tsakiyar kuka a fim sai jirgi ya taso, darakta ya ce a sake. Kuma a nemi izinin mai unguwa da mai gona. Na ga inda wasu su ka zo da motoci uku su ka tattake wa wani bawan Allah wake, su ka tafi ko sannu babu. Irin wannan ne ke sa a rufe ƙofa ga duk wanda ya zo bayan su.

AWON IGIYA

Abin da ya fi damu na shi ne abin da fari bai iya yi ba, igiya na yin sa. Magada su sayar da gona, dillalai su zo da igiya su yanka ta fuloti-fuloti, sau da yawa ba tare da tsarin hukuma ba, babu filin makaranta, babu hanyar ruwa, lungu ko mota ba ta shiga. Wanda ya sayi fuloti abu na farko da ya ke yi shi ne kiran masu injin yankan itace. Ɗorawar da ta ciyar da gida tun zamanin kakanni, a wuni ɗaya ta zama itacen gidan burodi. A cikin shekara biyun nan, gonaki huɗu da na ke ratsawa zuwa bakin titi sun zama harsashin gini. Haka Bachirawa da Rijiyar Zaki su ka faro, tsofaffi na tuna lokacin da su ke gonaki.

Kuma gaskiya ɗaya ce, mu 'yan haya mu na cikin masu jawo wannan. Duk wanda ya gudo daga tsadar birni ya zo nan, ya ƙara wa ƙasar daraja, ya ƙara wa magada kwaɗayin sayarwa. Ba za a ce wa talaka kada ya nemi matsuguni ba, ba kuma za a ce wa manomi kada ya sayar da abin sa ba alhali taki ya gagare shi. Abin da za a iya shi ne a tsara. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da masu unguwanni su na iya sa sharaɗin barin manyan bishiyoyi a bakin layi da filin masallaci kafin a sa hannu a takardar ciniki.

Shawara ta ga ɗan'uwa ɗan fim mai neman sauƙi: ka zo ka gani da damina, ba da rani kaɗai ba, ka lissafa kuɗin mota kafin ka biya, ka shigo ta hannun wanda aka sani, kuma ka faɗi sana'ar ka tun ranar farko. Idan Allah ya hore maka ka sayi fuloti, ka ce wa magini ya kauce wa bishiyar ko da ɗaki ɗaya zai ragu. Furodusoshi kuma su hanzarta. Finafinan mu na farkon shekarun 2000 sun adana mana kamannin titunan Kano na wancan lokaci ba tare da an yi niyya ba. Gonakin Ungogo ma na buƙatar wanda zai ɗauke su tun su na nan.