Filastar da Ke Riƙe da Robar Ƙarin Ruwa

Kanula, wato siririyar robar da ake zurawa a jijiya domin ƙarin ruwa ko jini, ba ta da amfani sai ta zauna daram, kuma filastar da aka manna a fata ita ce ke zaunar da ita. A Birnin Gwari, inda akan ɗauko majinyaci a kan babur daga ƙauyukan bakin dajin Kamuku, gumi da ƙura da jijjigar hanya sukan ɗaye filastar, robar ta goce, hannu ya kumbura, sai a sake laluben jijiya a jikin yaron da zazzaɓi ya riga ya galabaitar. Shi ya sa filasta garai-garai, wadda ake hango wurin hudar ta cikinta a ga ko robar ta goce, ta cancanci gurbi a kasafin kowane asibitin karkara.