Zamanin Bala Miller a Akwatin Talabijin

A Kaduna ta shekarun 1980 talabijin tana da lokacin tashi da lokacin kwanciya. Sai wajen la'asar tasha ke buɗewa, in dare ya raba a sa taken ƙasa a rufe, kowa ya nemi makwancinsa. Babu zaɓi mai yawa, don haka abin da aka nuna daren jiya shi ne hirar makaranta da ta kasuwa da safe. Talabijin ɗin kanta ba ta tsufa ba a ƙasar. A Ibadan aka fara kunna ta a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962 zamanin Sardauna, sannan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA. Wannan haɗewar ce ta sa shiri ɗaya yake iya fita a sa'a ɗaya daga Sakkwato har Kalaba.

A gidan hayar da na tashi, a Tudun Wada, akwati ɗaya ne, na wani ma'aikacin reluwe da dukkanmu muke kira Baba. Baƙi-da-fari ne, mai ƙafafu huɗu da ƙofofin katako da ake zugewa a sa makulli. Baba yana da sharuɗɗa: a yi sallar isha'i, a wanke ƙafa, a zauna a tabarma ba a kujera ba. Gidan ya tara Hausawa da Nufawa da Yarbawa da mutanen da a lokacin ake kira na Kudancin Zariya, kuma duk 'ya'yansu a tabarmar nan suke haɗuwa. In hoto ya fara rawa, a tura babban cikinmu waje ya murɗa sandar eriya, mu kuma muna yi masa ihu ta taga, "Ya yi! A'a, koma baya!"

Mun san wasan Samanja, mun san na Karambana. Mun saba ganin Mamman Shata tsaye a gaban masu kalangu da 'yan amshi, da Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa. Waɗannan namu ne, ba mu buƙatar a gabatar mana da su, don a gidan biki da rediyo muna jin su tun kafin mu gan su. Amma shirin Bala Miller wani abu ne dabam, kuma shi ne nake yawan tunawa.

Abin da ke fara kama ido shi ne yawan mutanen. Makaɗa da mabusa sun haura ashirin, an jera su sahu-sahu cikin tufafi iri ɗaya. Ga masu ƙahonin ƙarfe, wasu gajeru da ake latsawa da yatsu uku, wasu dogaye da ake ja ana turawa, ga masu saksofon da ke rataye a wuya. Ga masu jita, ga mai fiyano, ga mai tarin ganguna yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu, ga masu gangunan hannu, ga mawaƙa maza da mata a gaban makirfo. Mu yara mun san badujala a faretin 'yan sanda da na ranar 'yancin kai, amma badujala tafiya take yi, ta wuce ka kafin ka gane wa ke busa me. Nan kuwa suna tsaye wuri ɗaya, mai ɗaukar hoto yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kana ganin kumatun mabushi sun cika da iska, kana ganin yadda yake sauke ƙahon ya jira, yana kaɗa ƙafa yana ƙirge, har lokacinsa ya zo su ɗaga tare da 'yan'uwansa kamar an ja su da zare ɗaya. A nan na fara gane cewa shiru ma aiki ne a cikin kiɗa, kuma mutum yana iya zama gwani alhali rabin waƙar yana jira ne. Wani lokaci sai kowa ya sassauta a bar wa mutum ɗaya fili ya nuna abin da ya iya, in ya gama ya koma cikin sahu ba tare da ya nemi a yaba masa ba. A tsakiyarsu ga Bala Miller, dattijo, shekarunsa sun haura hamsin, yana juyawa ya dube su, ya juyo ya dube mu, fuska a sake. Tsakanin kiɗa da kiɗa a shigo da baƙon mawaƙi ko 'yan rawa, a ɗan yi hira, a koma.

Sai da na girma na san ko wane ne shi. An haife shi a 1928, ɗan wani limamin coci ne Bahaushe daga Zariya. Ya yi karatu a Legas, ya yi busa a can a zamanin da kiɗan hailaif ke tashe, zamanin su Bobby Benson da Victor Olaiya, lokacin da kowane babban otal ke da ƙungiyar makaɗansa. Ya yi aikin kamfani shekaru da yawa, kiɗa yana gefe. A zamanin Gwamna Audu Baƙo ya sa hannu a kafa makarantar koyon kiɗa a Kano, kuma a 1977, shekarar bikin FESTAC, ya kafa ƙungiyarsa ta Pyramids a Kaduna. Wannan ya bayyana mini abin da na gani a akwatin Baba. Mutumin malami ne tun kafin ya zama tauraro, kuma ƙungiyar tasa makaranta ce da ake kallon darasinta a talabijin.

Abin da ya fi shiga raina shi ne harshen. Hailaif a kunnenmu kiɗan kudu ne, da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka ake yin sa. Sai ga ƙahonin nan duka sun tsaya sun ba Hausa hanya, ana rera ta a kan jita da ganguna, kalmomin suna zaune daram ba a murɗe musu wuya ba. Waƙarsa "Ikon Allah" kowa ya san ta a gidanmu, har maƙwabciyarmu Bayarabiya da Hausarta ba ta wuce ta cefane ba tana bin ta tana wanki. Kuma ba waƙar kowa ba ce. Ba a ambaci wani attajiri ba, ba a wasa wani basarake ba, babu wanda ya taso ya yi liƙi.

Wannan ne ya ɗaure wa mahaifina kai. Shi mutum ne da ya tashi a inda kiɗa gado ne, makaɗi kuma maroƙi ne, ana jin daɗinsa amma ba a ba shi 'ya. Bai cika zama kallo ba, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa a kan hanyarsa ta shiga ɗaki. Wani dare ya daɗe a tsaye, sannan ya ce wa mai akwatin, "Malam, wai wannan wa yake yi wa?" Baba ya ce, "Ai ba ya yi wa kowa, Alhaji, aikinsa ne." Mahaifina bai ce komai ba, kuma bai taɓa yarda ɗansa ya riƙe ƙaho ba, amma daga ranar ya daina kiran mu mu tashi in shirin ya zo. Ina ganin tarbiyyar mutanen ce ta burge shi, yadda ashirin da wani abu suke bin umarnin mutum ɗaya babu hayaniya. Wannan abu ne da ya sani, kuma yake girmamawa.

Irin wannan ƙungiya tana da tsada, kuma tsadar ce ta kashe ta. Mutum ashirin albashi ashirin ne, ga motar da za ta kwashe su, ga ɗinkin tufafi, ga kayan busa da duk daga waje ake sayo su. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, igiyar jita ma ta zama abin lissafi, balle sabon saksofon. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirye-shirye suka ja baya. A daidai lokacin kuma ƙaramin fiyano na lantarki ya yaɗu, mai ɗauke da muryar ganga da ta ƙaho da ta sarewa a cikinsa, yaro ɗaya ya zauna a ɗaki ya fitar da abin da a da sai an tara jama'a. Finafinan Hausa na bidiyo da suka fara a Kano a 1990 a kan wannan fiyanon suka gina waƙoƙinsu. Bayan 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, dish ya hau rufin gidaje, kowane ɗaki ya sami akwatinsa, tabarmar Baba ta watse.

Ba na raina yaran fiyano. Sun ba dubban matasa sana'a, kuma sun kai waƙar Hausa Yamai da Kumasi da Khartum. Amma na san abin da aka rasa, domin na gan shi da idona. Yaron da ke kallon bidiyon waƙa yau mawaƙi yake gani da 'yan rawa, ba ya ganin hannun da ya yi kiɗan, don haka ba ya sha'awar koyon sa. Mu kuwa washegarin shiri muna naɗe kwali mu yi ƙaho, mu jera gwangwanayen madara mu yi ganguna, mu yi ta gardamar wanda zai tsaya a tsakiya. Wasu daga cikin yaran gidanmu sun shiga ƙungiyar busa ta cocinsu saboda shirin nan, ɗaya ya ƙare a badujalar soja, kuma har yau a coci da bariki ne aka fi samun mai iya busa ƙaho a Arewa.

Akwai kuma Kadunar da shirin ya fito daga cikinta. Bahaushe Kirista ne yake rera sunan Allah da Hausa, a bayansa samari daga kowane sashe na ƙasa, a gabansa yaran Musulmi da na Kirista a tabarma ɗaya, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Bayan rikicin shekarar 2000 maƙwabtanmu da yawa sun ƙetare kogi sun koma kudancin gari, gidajen haya irin namu suka zama na ɓangare ɗaya. A 2001 wani kamfanin faifai a Landan ya sa "Ikon Allah" a cikin tarin kiɗan Najeriya na shekarun 1970 mai suna Nigeria 70, ta haka Turawa da yawa suka fara jin sunansa. Bala Miller ya rasu a 2003. Allah Ya saka masa da alherin abin da ya koyar.