Bindigar Iska, Ɓeraye da Yaran Gida: Yadda Muka Yanke Shawara

Duk mai kiwon kaji ko mai ajiye hatsi a Kudenda ya san ɓera ba baƙo ba ne. Unguwa ce da ke zaune tsakanin masana'antu da gonakin bakin kogin Kaduna, ga sito-sito, ga kwatoci, ga bola. Da zarar an gama kaka, ciyawa ta bushe, aka fara ƙona jeji, sai ɓeraye su yo ƙaura cikin gidaje. Mu dai bana mun ji jiki. Sun huda buhunan masara, sun shiga abincin kaji, gafiya kuma ta janye mana 'yan tsaki uku a dare ɗaya.

A nan ne maigida ya zo da maganar bindigar iska. Irin bindigar nan ce da ba ta amfani da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashi na dalma. Ya ce jifa ɗaya zai yi wa tsuntsu biyu: ya rage ɓeraye da daddare, ranar hutu kuma ya leƙa gona ya samo kurciya ko fakara. Ya ce ba ya son mai araha, ba kuma zai iya mai tsada ba, ta tsaka-tsaki yake nema. Na ce, "Baban Sadiq, ba ni mako biyu in bincika." Ya ce, "Maman Sadiq, ke komai sai kin mai da shi takardar asibiti." Ya yi dariya, amma ya ba ni.

Gaskiyar magana, ta fuskar ƙarfe da aiki, hankalinsa ya kai inda ya kamata. Bindigar iska kashi uku ce. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana, a sa harsashi ɗaya, a mayar. Akwai mai 'yar gwangwanin iskar gas, wadda da gas ɗin ya ƙare sai an sayo wani. Akwai kuma mai tankin iska da ake cikawa da famfo na musamman, ita ce mai tsada, ita ce kuma ta fi saiti. Sai dai mai tankin tana da robobin toshe iska da ke lalacewa, ga ƙurar hunturu irin tamu, ga rashin mai gyara kusa. Wanda ya saye ta ya sayi famfo da jiran kayan gyara daga waje.

Mai arahar kuwa, aibinta ya fi zafi. Kunamarta tauri gare ta, harsashinta yau ya bi nan gobe ya bi can. Irinta ba ta kashe dabba nan take, raunata ta take yi, ta gudu ta mutu a cikin silin ko a bayan buhu. Saboda haka mai sifirin ta tsaka-tsaki, irin waɗanda kamfanoni kamar Gamo na Sifen, Hatsan na Turkiyya ko Diana na Jamus ke ƙerawa, ita ce ta dace da mai bukata irin tamu. Ba ta bukatar komai sai hannunka da gwangwanin harsashi.

Na kuma fahimci girman baki biyu ne suka fi yawa: .177, wato milimita 4.5, da .22, wato milimita 5.5. Na farkon ya fi gudu da miƙewa, harsashinsa kamar rabin giram. Na biyun ya kusa ninka shi nauyi, ya fi buga dabba da ƙarfi a ɗan taƙaitaccen nisa, shi ya sa masu fama da ɓera da gafiya suka fi son sa. Gudun da ake rubutawa da manyan lambobi a jikin kwali bai kamata ya ruɗi mai saye ba, don galibi da harsashi mara nauyi ake gwada shi. Sannan mai sifirin tana da girgiza gaba da baya wadda ke lalata madubin hange na gama-gari, kuma harba ta ba harsashi a ciki yana ɓata ta. Wanda ya iya saiti ma, mita 25 zuwa 30 ne iyakar inda zai tabbatar ya kashe ƙaramar dabba ba tare da ya azabtar da ita ba.

Da a ce zaɓin ya tsaya kan wannan, da na ce masa ya sayi .22 mai sifirin, magana ta ƙare. Amma akwai abubuwa uku da ba a rubuta su a jikin kwali.

Na farko doka ce. Mutane da yawa sun ɗauka bindigar iska kayan wasa ce kamar danƙon harbin tsuntsu. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a Najeriya, ba haka ta ɗauke ta ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Akwai kuma na ɗuri irin su bindigar toka ta maharba, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba wa lasisi. Bindigar iska tana gida na biyu, layi ɗaya da bindigar farauta mai harsashin gaske. Dokar ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai raunin gani, da mai taɓin hankali. A watan Agustan 2023, shugaban 'yan sandan ƙasa na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi. Don haka wanda ya ga bindiga a intanet ko a bayan shago aka ce masa "wannan ba ta bukatar takarda", ya fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiha ya ji halin da ake ciki kafin ya fitar da sisinsa.

Ba takardar kaɗai ba ce. Kudenda tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, kuma kowa ya san abin da Chikun ta gani a hannun 'yan bindiga. Daga nesa, da magariba, babu ɗan sintiri ko soja da zai bambance bindigar iska da ta gaske a kafaɗar mutum. Ba mu manta da Uromi ta Jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Mijina a kan babur yake zuwa gona. Na gaya masa ba na son ranar da zai fara yi wa mutane masu fushi bayanin mene ne sifirin.

Na biyu yara ne, kuma a nan aikina ne ke magana. A shekarun da na yi ina jinya, na taɓa karɓar yaro da bai wuce shekara tara ba, wanda yayansa ya harbe shi suna wasa da irin wannan bindiga. Ramin da ke fatar idonsa bai kai ƙwayar dawa ba, jinin ma kaɗan ne. Hoton eksire ne ya nuna harsashin zaune a bayan ƙwayar idon. Idon bai dawo ba. Ƙashin kan yaro a gefen kunne siriri ne, wuya da ciki kuma ba su da kariya, shi ya sa ƙaramin rami ke ɓoye babbar ɓarna. Ba a banza Birtaniya ta sa iyakar ƙarfin da za a mallaka ba tare da lasisi ba. Yankin Sikotland ma ya wajabta lasisi ga kowace bindigar iska tun daga ƙarshen 2016, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 2 a Glasgow a 2005. Gidajenmu kuwa katanga ɗaya ce ta raba mu da maƙwabta. Harsashin da ya kuskure ɓera ya daki siminti dawowa yake yi, wanda ya haura katanga kuma yana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci.

Ga kuma ita kanta dalmar. Gwangwanin harsashi ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan 'yan ƙwayoyi masu sheƙi, daidai bakin yaro mai rarrafe. Waɗanda suka warwatse a tsakar gida kaji za su tsince su. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma dalma dalma ce, kuma babu wani adadinta da ake ɗauka lafiya ne a jinin yaro.

Na uku shi ne ɓeran kansa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ya fara ne da kashe ma'aikatan jinya irina. A Fabrairun 2024 ma ya kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 da ke nan Kaduna. Wani ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi, yana zubar da ƙwayar cutar a fitsari da kashinsa, kuma tana cikin jininsa. Cutar ta fi yawa da rani, daidai lokacin da ɓeraye ke shigo mana. Tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana, tana barin wasu da kurumta, tana kuma da haɗari ƙwarai ga mai tsohon ciki. To, harbin ɓera a cikin sito fa? Ka fasa jikinsa kenan a kan buhun da za a niƙa a yi tuwo. Tarko kuwa yakan riƙe shi wuri ɗaya, ka zuba masa ruwan bilic, ka sa safar hannu ko leda ka ɗauke, ka binne.

Kuma lissafin ma ba ya fita. Ɓera macen kan haifi 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya, bayan makonni kaɗan ta sake. Mutumin da ya wuni wurin aiki, ɓera nawa zai harba da tocila kafin barci ya kwashe shi? Muddin abinci na buɗe, wanda ka kashe yau ɗan'uwansa zai maye gurbinsa gobe.

Wani dattijo maharbi da ke unguwarmu, da maigida ya kai masa maganar, bai hana shi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, farauta a daji ake yin ta. Wanda ya harba a cikin gida, iyalinsa ya auna." Wannan ta shige shi fiye da duk takardun da na tara.

Ga inda muka tsaya. Kuɗin da aka ware na bindiga, mun sayi durom biyu na ƙarfe masu murfi muka juye masara da abincin kaji. Mun toshe ramuka da siminti, muka sa waya mai ƙananan ido a ƙasan kejin kaji da bakin kwata, muka ɗaga buhuna kan katako nesa da bango. Mun jera tarkuna a bin bango inda suke wucewa. Shinkafar ɓera ba ta shigo gidan ba, saboda yara da kaji. Mun kuma yi magana da maƙwabta biyu aka kwashe bolar da ke bayan katanga. Ba zan ce ɓera ya ƙare ba, amma tun da aka rufe durom ɗin ba mu sake rasa ɗan tsako ba.

Maganar farauta kuwa ban kashe ta ba, don sha'awa ce mai asali, kakansa ma maharbi ne. Mun yi yarjejeniya: in lasisi ya samu ta hanyar da ta dace, zai sayi .22 mai sifirin ta tsaka-tsaki daga dillali mai rajista. Za ta zauna a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wuri daban, makulli a jikinsa. Ba za a ɗana ta a cikin gida ba, ba za a auna kowa da ita ba ko da wasa, ba kuma za a harbi abin da ba za a ci ba.

'Yar'uwa, in naki maigidan ya zo da irin wannan magana, ba sai an yi rigima ba. Ki tambaye shi abu uku: ina takardarta, ina za ta kwana, kuma mene ne a bayan abin da zai harba. In kuma, Allah ya kiyaye, harsashin ya sami yaro, kada a matsa wurin, kada a yi ƙoƙarin ciro shi, kada a ɗiga komai a ido. A rufe da tsabtataccen ƙyalle ba tare da dannawa ba, a tafi asibiti nan take, ko da ramin ƙarami ne, ko da yaron ya ce ba ya jin zafi.